Firimason: Ma'anar Kalmar da Ta Zama Abin Jifa

Kwanakin nan da wuya mutum ya leƙa Facebook ko TikTok bai ci karo da kalmar Firimason ba. Mawaƙi ya rufe ido ɗaya a hoto, a ce Firimason ne. Matashi ya yi kuɗi ba a san sana'arsa ba, a ce Firimason ne. Ɗan siyasa ya ci zaɓen fid da gwani, magoya bayan wanda ya sha kaye su hau rediyo su ce ai ƙungiyar ce ta tsaya masa. Wasu masu wa'azi kuma sukan kwaso Firimason da Iluminati da Ogboni da 'yan mafiya su zuba a kwano ɗaya, su ce duk 'yan shan jini ne. Wannan cakuɗawar ce ke damuna, domin ta sa kalmar ba ta nuna komai yanzu sai ƙiyayyar mai faɗarta, kuma ta rufe mana ido daga ainihin abin da ya kamata a tuhumi ƙungiyar a kai.

Asalin sunan na magina ne, domin "mason" a Turanci magini yake nufi. A Ingila da Sukotilan na zamanin da, masu sassaƙa dutse da ke gina manyan majami'u da fadoji suna da ƙungiyar sana'a, kuma a kowane wurin gini akwai rumfar da suke ajiye kayan aiki, su ci abinci, su koya wa yara sana'a. Wannan rumfa ita ake kira loj, kuma har yau sunan kowane reshe na ƙungiyar ke nan. Masana sun rabu kan "firi" da ke farkon kalmar. Wasu sun ce daga sunan wani dutse ne mai laushi da ake iya yanka shi ta kowace fuska, wanda sai ƙwararru ke aiki da shi. Wasu sun ce yana nufin maginin da ke da 'yancin tafiya gari gari neman aiki. Wanda ya san tsarin Sarkin Magina a ƙasar Hausa, da yadda zuriyar Babban Gwani na Zazzau ta riƙe sirrin ɗaurin baka da azara tana miƙa shi daga uba zuwa ɗa, ya fahimci dalilin ɓoye-ɓoyen: sana'a ce ake karewa, kuma a zamanin da babu takardar shaida, kalmar sirri da salon musabaha su ne hujjar baƙon magini cewa ya koyi aikin. Babu wata alaƙa tsakanin maginan namu da nasu, kamanni ne kawai na yadda masu sana'a ke kare abincinsu.

Daga baya masu kuɗi da masu ilimi waɗanda ba su taɓa riƙe guduma ba suka fara shiga, har suka rinjayi maginan. A ranar 24 ga Yunin 1717, bisa tarihin da ƙungiyar ke bayarwa, rassa huɗu suka haɗu a wata mashaya a Landan suka kafa babbar uwar ƙungiya, a 1723 kuma aka buga kundin dokokinta. Kayan aikin suka koma alamomin tarbiyya: sukwaya, wato ma'aunin kusurwa, na nufin gaskiya a mu'amala, kamfas na zana da'ira kuma na nufin kame kai. Larabawa suka kira ta Masuniyya, sunan da malamanmu suka fi amfani da shi.

Wanda yake son ya ga abin da kalmar ke nufi a rayuwar yau da kullum, ya karanta sanarwar rasuwar wani ɗan ƙungiyar a jaridar ƙaramin gari a Amurka. Irin waɗannan sanarwa suna da yawa, kusan zubinsu ɗaya ne, kuma kowane layi yana da ma'anar da ta saɓa da abin da ake yaɗawa a wajenmu.

Yawanci za ka ga mamacin tsohon soja ne, ko malamin makaranta, ko ma'aikacin gidan waya, ko mai gyaran wutar lantarki. Za a ce ya yi shekara hamsin a loj mai suna kaza, lamba kaza. Lambar nan ba sirri ba ce, rajista ce, kuma ginin yana bakin titi da alamar sukwaya da kamfas a goshinsa. Yadda ya shiga ma sananne ne. Shi ne ya nema, domin a al'adarsu ba a roƙon mutum ya shigo. Ya cike takarda, mutum biyu 'yan ƙungiya suka tsaya masa, aka tura kwamiti, galibi na mutum uku, suka je gidansa suka tambaye shi ko ya yi imani da Mahalicci, ko yana da tabon laifi, ko iyalinsa sun yarda. Sannan aka kaɗa ƙuri'ar sirri da farare da baƙaƙen ƙwallaye a cikin akwati. A jihohin Amurka da dama baƙi ɗaya tak ya isa ya hana shi shiga, a Ingila uku ne iyaka, reshe kuma na iya rage adadin. A nan matsala ta farko take: mutum ɗaya mai ƙullin zuciya yana iya toshe wa wani ƙofa ba tare da an san ko wane ne ba, kuma da wannan akwati aka daɗe ana hana baƙar fata shiga.

Darajoji uku ne ginshiƙi: ɗan koyo, ɗan sana'a, sai gwanin magini. A kowace daraja ana rufe wa mutum ido ko a zagaya da shi cikin zaure, ya yi rantsuwa a kan littafin addininsa, a koya masa kalma da alama. A ta uku ana yin wasan kwaikwayo na labarin Hiram, wanda suke cewa shi ne shugaban maginan haikalin Annabi Sulaiman, aka kashe shi saboda ya ƙi tona sirrin sana'a. Tsakanin daraja da daraja sai ya haddace tambayoyi da amsoshi masu tsawo, a Ingila ma doka ce a bar aƙalla mako huɗu a tsakani. Haddar nan a bakin wani dattijo ake ɗaukarta, a zauna a falo ko a gareji dare bayan dare. Don haka idan sanarwar rasuwa ta ce mamacin ya raini matasa da yawa a loj, abin da take nufi ke nan a zahiri: ya zauna da su yana maimaita musu karatu har suka riƙe, a tsakiyar haka kuma ana hirar aure da bashi da neman aiki.

Idan aka ce tsohon shugaban loj ne, kada a ɗauka wani gawurtacce ne. Kujerar shekara ɗaya ce, ana hawa ta bi da bi. Mutum yakan fara daga ƙaramin muƙami, ya yi ta matsawa kujera kujera har shekara biyar zuwa bakwai kafin ya kai. Aikin shugaba shi ne jagorantar taron wata-wata, karanta bayanan taron baya, biyan kuɗin wuta da gyaran rufin da ke yoyo, da tura a duba marasa lafiya da matan da mazansu suka rasu. An hana maganar siyasa da ta addini a cikin zaure. A wajen jana'izarsa kuma, idan iyali sun nema, 'yan uwansa na ƙungiya za su zo da farin zanen fatar ɗan rago da suke ɗaurawa a ƙugu, su ɗora a kan akwatin gawa tare da ɗanyen reshen itace mai ganye.

Sai kuma maganar daraja ta 33, wadda ita ce ta fi kowace shan wahala a bakin masu sharhi. Za ka ji ana cewa wane ya kai mataki na 33, wai daga nan ake ganawa da Iblis, ko kuma wai su ne ke juya duniya. A tsarin ƙungiyar babu darajar da ta fi ta uku. Lambobin 4 zuwa 33 na wani reshe ne na gefe, wanda aka kafa majalisarsa ta farko a birnin Charleston na Amurka a 1801, kuma shiga cikinsa ganin dama ne. A Amurka mutum yana iya tashi daga ta 4 zuwa ta 32 cikin kwana biyu ko uku, yana zaune a kujera yana kallon wasannin kwaikwayo a dandamali tare da ɗaruruwan mutane. Ta 33 ba a neman ta, ba a sayen ta, karramawa ce da ake yi wa wanda ya daɗe yana hidima. Mai daraja ta 33 idan ya koma loj ɗinsu, ƙarƙashin shugaban wannan shekarar yake zama, ko da shugaban kafinta ne mai daraja ta uku. Babu kuma wani sarki guda na Firimason a duniya. Kowace ƙasa da uwar ƙungiyarta, a Amurka kowace jiha da tata, wasu ma ba sa ga maciji da juna. Tun 1877 da babbar ƙungiyar Faransa ta cire sharaɗin imani da Mahalicci, ta Ingila ta yanke hulɗa da ita, kuma har yau ba su shirya ba.

Ragowar sanarwar jerin aikin sa kai ne, kuma a nan dole a yi adalci. Idan mamacin ɗan Shriners ne, wato reshen masu jar dara da aka kafa a New York a 1872, to wataƙila ya yi shekaru yana tuƙa yara marasa lafiya zuwa asibiti kyauta. Wannan reshe ya buɗe asibitin yara na farko a Shreveport a 1922, lokacin da shan inna ke naƙasa yara, daga baya asibitocin suka kai 22 a Amurka da Kanada da Meziko, suna gyaran ƙashi da jinyar ƙuna da ɗinkin leɓe, ba sa korar yaro don iyayensa ba su da kuɗi. Direbobin da ke kwaso yaran daga ƙauyuka, tafiyar awa huɗu ko biyar, tsofaffi ne 'yan fansho da ba a biyansu. Duk da haka, Musulmi yana da haƙƙin ya ji ɗaci idan ya ga wannan reshe ya sa wa zaurukansa suna Makka da Madina, ya zana jinjirin wata da takobi a hula, ya mai da alamomin Larabawa kayan fareti da raha. Kyawun asibitin bai wanke wannan ba.

Idan aka ce ya yi wa matasan DeMolay jagoranci, wannan ƙungiyar yara maza ce 'yan shekara 12 zuwa 21. Frank Land ne ya kafa ta a Kansas City a 1919, bayan wani yaro da mahaifinsa ya rasu ya zo wajensa neman aiki. Ya fara da yara tara. Yaran ne ke gudanar da taronsu, su riƙe baitulmali, su koyi magana a gaban jama'a, babba yana gefe yana sa ido, kuma har yau Baba suke kiran irin wannan babban. Bill Clinton ya yi DeMolay yana yaro amma bai taɓa zama Firimason ba, abin da bai hana a riƙa sa sunansa a jerin da ake turawa ta WhatsApp ba. Sauran ayyukan ƙanana ne: ba da jini, tallafin karatu ga ɗaliban sakandare, soya kifi ko sayar da karin kumallo don tara kuɗi, asibitocin koya wa yara masu in'ina da nauyin baki magana. A Landan ma 'yan ƙungiyar sun ba da fam miliyan 2 wajen sayen jirgin saukar ungulu na biyu na ɗaukar marasa lafiya. Sai dai a sani, kaso mai tsoka na sadakarsu tun asali a cikin gida yake zagayawa, ga membobi da matansu da marayunsu da gidajen tsofaffinsu.

Idan mamacin baƙar fata ne, kusan tabbas za a ce ɗan loj ɗin Prince Hall ne. Prince Hall baƙar fata ne mazaunin Boston. A watan Maris na 1775, bayan farar fatar garin sun ƙi karɓarsa, shi da wasu baƙaƙe 14 suka shiga ta hannun wani reshe na sojojin Birtaniya, a 1784 kuma suka samu takardar izini daga Ingila. Ya rubuta wa majalisar jiharsu koke a kan a soke bauta, ya sake rubutawa a 1787 a kan a buɗe wa yaran baƙaƙe makaranta. Ya rasu a 1807. Rassansa suka zama wurin da baƙar fata ke tara kuɗin jana'iza da na makaranta da na lauya, kuma Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya zama alƙali a Kotun Ƙolin Amurka, daga cikinsu ya fito. Ƙungiyar da ke wa'azin 'yan uwantakar ɗan Adam ta shafe shekara sama da 200 ba ta amince da waɗannan 'yan uwa ba. Sai a 1989 jihar Connecticut ta buɗe ƙofar da ta ɗore, wasu jihohin kudu kuma suka yi ta jan ƙafa har cikin wannan ƙarni.

Iluminati wata aba ce daban. Wani malamin jami'a, Adam Weishaupt, ya kafa ta a Bavaria ta Jamus ranar 1 ga Mayun 1776, ta kutsa cikin wasu rassan Firimason don neman mabiya, gwamnati ta haramta ta a 1784 da 1785, ta watse. Idon da ke kan dalar Amurka, wanda ake cewa alamarsu ce, daga hatimin ƙasa na 1782 yake, sai a 1935 aka ɗora shi a kan takardar kuɗi, kuma masu zanen coci sun daɗe suna amfani da shi kafin nan. Labarin bautar Iblis a manyan darajoji kuwa, wani ɗan Faransa mai suna Léo Taxil ne ya ƙirƙira shi, ya ci kasuwa da shi shekara da shekaru, sannan a watan Afrilun 1897 ya tara jama'a a Paris ya ce duk ƙarya ya shirga. Har gobe ana fassara ƙaryar tasa ana karantawa a matsayin hujja. Ogboni kuma cibiya ce ta gargajiyar Yarabawa, sabon salonta wani limamin cocin Angilikan, T.A.J. Ogunbiyi, ya kafa shi a Legas a 1914. An samu manyan Legas da suka shiga duka biyun, amma ƙungiyoyi biyu ne.

Duk wannan ba wanke ƙungiyar nake yi ba. Ina ganin dalilan ƙin ta suna da ƙarfi, kuma ba sa buƙatar ƙarin gishiri. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, ta zauna a Makka a 1978 ta yanke cewa shiga Masuniyya ya saɓa wa Musulunci. Cocin Katolika ta haramta wa mabiyanta tun 1738, ta jaddada a 1983, ta sake jaddadawa a 2023. Mutum yana rantsuwa zai ɓoye abin da ba a riga an gaya masa ba. Tsohon lafazin rantsuwar ya ƙunshi yankan maƙogwaro ga wanda ya tona asiri, kuma sai a 1986 uwar ƙungiyar Ingila ta cire shi daga cikin rantsuwar. Ana addu'a tare da mabiya kowane addini da sunan Babban Maginin Duniya, abin da mai tauhidi ba zai iya haɗiyewa ba. Waɗannan sun isa.

Haɗarinta na duniya kuwa sunansa alfarma. A watan Maris na 1981 'yan sandan Italiya suka gano jerin sunaye 962 na wani reshe da ake kira P2, ƙarƙashin Licio Gelli. A ciki akwai ministoci da janar-janar da shugabannin leƙen asiri da alƙalai da masu jaridu. Gwamnatin Arnaldo Forlani ta faɗi bayan wata biyu, a 1982 kuma aka tsinci gawar ma'aikacin banki Roberto Calvi rataye a ƙarƙashin wata gada a Landan. A Gabon, Omar Bongo ya riƙe shugabancin ƙungiyar tare da na ƙasa, ɗansa Ali ya gaje shi a duka biyun a 2009, haka Denis Sassou Nguesso ya haɗa biyun a Kongo. A irin wannan wuri, wanda ke neman kwangila ko ƙarin girma ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A Birtaniya ma daga 1998 zuwa 2009 an wajabta wa sababbin alƙalai su bayyana ko su 'yan ƙungiyar ne. A Ghana abin a fili yake, tsohon shugaba John Kufuor da Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu II ba su ɓoye kasancewarsu a ciki ba, wanda hakan ya fi, domin jama'a suna iya sa musu ido. A Amurka kuwa ƙarfin ƙungiyar raguwa yake yi: daga membobi sama da miliyan 4 a 1959 ta dawo ƙasa da miliyan 1, rassa suna haɗewa, ana sayar da gine-gine saboda babu matasan da za su biya kuɗin wuta.

A Najeriya kalmar tana da nauyi a shari'a, shi ya sa jefa ta a rediyo ba ƙaramin abu ba ne. A 1977 gwamnatin soja ta Obasanjo ta hana ma'aikatan gwamnati zama a ƙungiyoyin asiri. Tsarin mulkin 1999 a sashe na 38 ya ce 'yancin addini bai haɗa da shiga ƙungiyar asiri ba, sassa na 66 da 107 da 137 da 182 kuma sun hana ɗan irin wannan ƙungiya tsayawa takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa. Sashe na 318 da ya fassara ƙungiyar asiri bai ambaci sunan kowace ƙungiya ba, kuma bai yi maganar jini ko tsafi ba. Abin da ya kama shi ne rantsuwa da alamomin sirri da ake amfani da su don fifita ɗan ƙungiya ba tare da duba cancanta ko adalci ba, da ɓoye sunayen membobi da tarukansu. Wato masu rubuta tsarin mulkin sun gane inda ciwon yake. Wanda ya ce ɗan takara Firimason ne, yana cewa ne a fakaice bai cancanci tsayawa ba, don haka sai ya kawo sunan loj da lambarsa da garinsa. Hoton mutum ya dafa ƙirji ko ya rufe ido ɗaya ba hujja ba ne, shafa kashin kaji ne, kuma ƙazafi bai halatta ba don wanda aka yi wa ɗan siyasa ne.

Waɗanda suka fi cin ribar wannan ruɗani 'yan damfara ne. Tun da an cusa wa matasa cewa Firimason na raba kuɗi, shafuka sun cika intanet masu alƙawarin mota da gida da daloli ga duk wanda ya shiga, da lambar WhatsApp a ƙasa. Za a tura fom, a nemi hoto da katin shaida, a ce a biya kuɗin rajista, sannan kuɗin zobe, sannan kuɗin kayan rantsuwa, sannan kuɗin fito da kaya daga kwastan. Idan yaro ya gaji ya ce ya fasa, sai a tsorata shi da cewa ya riga ya yi rantsuwa, mahaifiyarsa za ta mutu, kuma da yake yana jin kunyar a san ya nemi shiga, ba zai kai ƙara ba. Loj na gaskiya ba ya neman mutum ta waya, ba ya shigar da kowa daga nesa, kuma ba ya biyan kowa ko sisi. Ɗan ƙungiya ne ke biyan kuɗin shiga, ya biya na shekara-shekara, ya biya abincin daren taro, sannan a zagayo da faifan sadaka ya sake sakawa.